Sharaɗin Iya Turanci ga Ɗaliban Sakandare Masu Neman Shiga Jami'a

Sharaɗin iya Turanci shi ne mafi ƙarancin matakin harshe da jami'a ke buƙata daga ɗalibin da ya gama sakandare kafin ta ba shi gurbin karatun digiri na farko a fannin da ake koyarwa da Turanci. Ana cika shi ko dai da sakamakon jarrabawar gama sakandare, ko da jarrabawar harshe ta musamman, ko da kwas ɗin share fage da jami'ar ke gudanarwa da kanta. Sharaɗi ne mai zaman kansa: ɗalibi na iya cin lissafi da kimiyya da maki mai kyau, a hana shi gurbi saboda rabin maki a rubutun Turanci. Jami'o'in Birtaniya da Amurka da Kanada da Ostireliya ne suka fi tsananta shi ga ɗaliban waje, amma jami'o'in Najeriya da Gana ma suna da nasu.

Ma'aunin da ake dogara da shi

Yawancin jami'o'i suna kwatanta sakamako da ma'aunin harsuna na Majalisar Turai, wanda aka fi sani da CEFR, da aka fitar a 2001. Yana da matakai shida: A1, A2, B1, B2, C1 da C2. Matakin B2 shi ne ƙofar karatun digiri, wato ɗalibi zai iya bin lacca, ya karanta rubutu mai nauyi, ya kuma kare ra'ayinsa a rubuce. Fannonin da magana ce jarinsu, irin su shari'a da likitanci da aikin jarida, sukan nemi C1.

Jarrabawowin da ake karɓa

IELTS ita ce ta fi yaɗuwa. An fara ta a 1989, kuma British Council da IDP ta Ostireliya da Cambridge ne suke da ita tare. Iri biyu ce, Academic da General Training, kuma jami'a ta farkon kawai take karɓa. Ta biyun ta masu ƙaura da neman aiki ce. Ɗalibai da dama sun yi asarar kuɗin rajista a kan wannan bambanci kaɗai.

Jarrabawar kashi huɗu ce. Sauraro yana ɗaukar kusan minti 30, tambayoyi 40, kuma sau ɗaya ake kunna muryar. Karatu minti 60 ne, nassi uku, tambayoyi 40. Rubutu minti 60 ne, aiki biyu: na farko bayanin jadawali ko zane cikin kalmomi aƙalla 150, na biyu maƙala ta kalmomi aƙalla 250, kuma makin na biyun ya ninka na farko. Magana hira ce da mai jarrabawa, minti 11 zuwa 14. Kowane kashi ana ba shi maki daga 0 zuwa 9, har da rabi-rabi, sannan a raba jimillar gida huɗu.

A nan ne masu nema suka fi ruɗewa. Ɗauki ɗalibin da ya sami 6.5 a sauraro, 6.5 a karatu, 7.0 a magana, 5.0 a rubutu. Jimilla 25, in aka raba huɗu ya zama 6.25, ƙa'idar IELTS kuma ta ɗaga shi zuwa 6.5. A ido ya cika sharaɗin jami'ar da ta ce 6.5. Sai dai kusan kowace jami'a tana ƙara wani sharaɗi a gaba: kada wani kashi ya gaza 6.0, ko 5.5. Wannan 5.0 na rubutu ya rushe sakamakon baki ɗaya. Don haka lambar da ya kamata a fara dubawa ita ce mafi ƙanƙanta a takardar, ba wadda aka rubuta a matsayin jimilla ba. Jami'ar Toronto da Jami'ar British Columbia suna neman 6.5 ba tare da wani kashi ya gaza 6.0 ba. Oxford da Cambridge suna neman 7.5, da 7.0 a kowane kashi. Akasarin sauran jami'o'in Birtaniya suna tsakanin 6.0 da 6.5.

TOEFL ta hukumar ETS ce da ke Amurka. An fara ta a 1964, ta koma intanet a 2005. Tsarin makinta kafin 2026 daga 0 zuwa 120 ne, kowane kashi 30, inda jami'o'in Amurka da yawa suke neman 80, manyan cikinsu kuma 100. A cikinta ɗalibi da makirufo yake magana, ba da mutum ba. PTE Academic ta kamfanin Pearson tana da maki 10 zuwa 90, kwamfuta ce ke dubawa. Duolingo English Test tana da maki 10 zuwa 160, a gida ake yin ta cikin kusan awa ɗaya, ta kuma fi sauran araha, amma ba kowace jami'a ke karɓarta ba. Akwai kuma C1 Advanced da C2 Proficiency na Cambridge.

Matsayin sakamakon sakandare

A Najeriya ƙa'idar a bayyane take. Mai neman jami'a yana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO ko makamancinsu, cikinsu har da Turanci, a zaman da bai wuce biyu ba, wasu fannoni kamar likitanci kuma sukan dage sai zama ɗaya. Kiredit yana farawa daga C6 ya hau zuwa A1. D7 da E8 ba kiredit ba ne, ko da kuwa an ce ɗalibi bai faɗi ba. Bayan haka akwai jarrabawar JAMB, wadda darussa huɗu ne, Turanci dole a cikinsu ga kowa, da tambayoyi 60 alhali sauran ukun 40-40 suke da shi.

Jami'o'in Birtaniya da yawa suna karɓar C6 na Turancin WAEC a madadin IELTS, wasu sukan ɗaga zuwa C4 ko B3 a fannoni masu nauyi. Abubuwa uku ne ke kawo cikas. Na farko shekarun sakamakon, domin wasu jami'o'in suna ƙayyade cewa kada ya wuce wasu shekaru da aka ambata. Na biyu tantancewa: sukan nemi lambar sirrin katin duba sakamako don su gani da idonsu a shafin hukumar, kuma in sunan da ke takardar ya saɓa da na fasfo, ko an juya jerin sunaye, aiki ya tsaya har sai an gyara. Na uku, jami'ar da ta karɓi WAEC ba lallai ta karɓi NECO ba. Wasiƙar da shugaban makaranta ke rubutawa cewa da Turanci aka koyar da ɗalibi tana amfani a wasu wurare, amma ita ce shaida mafi rauni, bai kamata a jingina da ita kaɗai ba.

Ɗaliban Nijar da Chadi da sashen Kamaru mai amfani da Faransanci, waɗanda suka fito da bakaloriya, kusan kullum sai sun zauna jarrabawar harshe, haka ma waɗanda suka yi sakandare da Larabci a Sudan. Masu IGCSE, wato jarrabawar sakandare ta ƙasa da ƙasa irin ta Birtaniya, su lura cewa Turanci a matsayin harshen farko da Turanci a matsayin harshe na biyu takardu ne daban, kuma a na biyun jami'o'i sukan nemi maki mafi girma.

Jami'a daban, biza daban

Ƙofa biyu ce ɗalibi zai wuce, kuma kowace da mai gadinta. A Birtaniya hukumar biza ta gindaya B2 ga karatun digiri, wanda ya yi daidai da 5.5 a kowane kashi na IELTS, da B1 ga abin da bai kai digiri ba. Tana da jerin ƙasashen da ta ɗauka mafi yawan mutanensu Turanci ne harshensu, irin su Amurka da Ostireliya da Jamaika. Najeriya da Gana ba sa ciki, duk da Turanci ne harshen hukuma a cikinsu. Abin da ya sa WAEC take wucewa shi ne an ba jami'o'in da aka amince da su damar auna Turancin ɗalibin digiri da kansu, su rubuta yadda suka auna a takardar CAS, wato shaidar samun gurbi da ake neman biza da ita.

Wannan dama ba ta shafi kwas ɗin da bai kai digiri ba. Wanda zai fara da shekarar share fage, ko kwas ɗin Turanci na makonni kafin zangon karatu, galibi sai ya kawo jarrabawar da hukumar biza ta amince da ita, misali IELTS for UKVI. Tambayoyinta da na IELTS ta yau da kullum ɗaya ne. Bambancin yana cikin tsaron cibiyar da lambar shaidar da ke kan sakamakon. Wanda ya yi ta yau da kullum alhali waccan ake so, sai ya sake biya ya sake zama. An ƙara tsananta wannan tsari ne bayan binciken BBC na 2014 da ya bankaɗo maguɗi a jarrabawar TOEIC ta hukumar ETS a wasu cibiyoyin Birtaniya, abin da ya sa aka cire jarrabawowin ETS daga jerin.

Wa'adi da lokacin zama

Sakamakon IELTS da TOEFL da PTE shekara biyu yake yi. Jami'o'i da yawa suna ƙirga wa'adin ne zuwa ranar fara karatu, ba ranar cika fom ba, saboda haka jarrabawar da aka yi a Yulin 2024 ba za ta yi wa mai fara karatu a Satumban 2026 amfani ba. Yin ta a ƙurarren lokaci ma hatsari ne, domin sakamako yakan ɗauki kwanaki kafin ya fito, kuma in an gaza ana buƙatar sararin sake zama kafin ranar da jami'a ta sa a cika sharuɗɗan tayin gurbi. Wata shida zuwa tara kafin tafiya shi ne daidai. IELTS ta kwamfuta tana ba da damar sake kashi ɗaya kawai cikin kwana 60, TOEFL kuma tana haɗa mafi kyawun makin zama daban-daban, amma dole a tambayi jami'a ko tana karɓar irin wannan sakamako.

Inda maki ke zubewa

Rubutu ne ya fi kayar da ɗalibai, har da waɗanda suka ci B a WAEC. Dalili shi ne salon ya bambanta. Maƙalar sakandare tana jure doguwar gabatarwa da manyan kalmomi, mai duba IELTS kuwa abu huɗu yake aunawa: amsa abin da aka tambaya, tsarin tunani, dacewar kalmomi da nahawu. In tambaya tana da rassa biyu aka amsa ɗaya, makin ya faɗi komai kyawun Turancin. Jimlolin da aka haddace daga cibiyoyin horo ana gane su, ba a kuma ba su maki.

A sauraro, kuskuren harafi ɗaya yana kashe amsa, haka ma wuce adadin kalmomin da aka ƙayyade. In an ce kada a wuce kalma biyu, aka rubuta uku, an rasa. A magana ba a hukunta karin harshen mutum, ba a buƙatar ya yi kamar Bature. Abin da ake dubawa shi ne ko ana fahimtarsa ba tare da wahala ba. Ga mai jin Hausa, wurin da ya fi buƙatar atisaye shi ne rarrabe sautin p da f, da na b da v, da kuma baƙaƙen da ke cunkushe a ƙarshen kalma, domin a nan ne kalma ke rikiɗa ta zama wata.