Sauye-sauyen tambarin metil a sankarar jini da ɓargo

Tambarin metil ɗan ƙaramin sinadari ne, kabon ɗaya da haidirojin uku, da ake liƙa wa harafin C na DNA inda G yake biye da shi. Ba ya canza rubutun gado, sai dai idan ya yi yawa a bakin wata ƙwayar gado, yakan rufe ta ruf. A sankarar jini da ta ɓargo wannan tsari yana birkicewa: tambarin ya ragu a wurare da dama, ya cunkushe kuma a kan ƙwayoyin gado masu taka wa yaɗuwar ƙwayoyin jiki birki, irin su wadda ake kira p15.

Wasu furotin ne a cikin ƙwayar jiki ke kula da tambarin: DNMT3A da DNMT3B ne ke buga sabon tambari, DNMT1 ya kwafe shi duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu, TET2 kuma ya fara aikin gogewa. Kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na manya masu sankarar AML (sankarar jini mai saurin yaɗuwa da ke farawa a ɓargo) suna da tawaya a ƙwayar gadon DNMT3A, galibi a wani gurbi da ake kira R882. Wajen rabin masu CMML (wata sankarar jini da ɓargo mai tafiyar hawainiya) kuwa TET2 ɗinsu ne ya lalace. Lamarin wasu furotin biyu, IDH1 da IDH2, ya fi ɗaukar hankali: idan suka gurɓace, sukan samar da sinadarin 2-HG, wanda ke toshe TET2 ko da lafiyarsa ƙalau. Sai ƙwayoyin ɓargo su kasa balaga, su yi ta taruwa ɗanye. Amma ganin tawayar kaɗai ba ya nufin cuta. Kusan mutum ɗaya cikin goma da suka haura shekara 70 na ɗauke da irinta, kuma mafi yawansu ba sa kamuwa.

Tunda tambari ne, ana iya kankare shi. FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da magunguna biyu masu yin hakan: azasitidin a 2004, desitabin a 2006. Maganin yana shiga cikin DNA lokacin kwafi, ya damƙe DNMT1 har ya lalace, saboda haka ƙwayar da ke rabuwa kawai yake kamawa. Ana ba da azasitidin miligiram 75 ga kowace murabba'in mita ta fatar jiki, kwana 7 a jere, a maimaita duk kwana 28. A wani gwajin azasitidin mai suna AZA-001, matsakaicin rayuwar masu MDS (sankarar ɓargo da ke hana shi samar da lafiyayyun ƙwayoyin jini) mai tsanani ya kai wata 24.5, maimakon 15 da maganin da aka saba.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne saurin yanke ƙauna. A zagaye biyun farko jini yakan ƙara faɗuwa, fararen ƙwayoyi su yi ƙasa, zazzaɓi ya shigo, sai a ɗauka maganin bai karɓi majiyyaci ba, alhali amfaninsa na iya ɗaukar zagaye 4 zuwa 6 kafin ya bayyana. Ko ya yi aiki ma, ba ya tumɓuke uwayen ƙwayoyin cutar. Da an tsayar, sai ta dawo. Dashen ɓargo ne har yanzu hanyar da ke iya warkar da MDS.