Ba man maɗori ke haɗa ƙashi ba

A Katsina, in yaro ya faɗo daga babur ya karye, sai ka ji ana cewa man da maɗori ya shafa ne ya liƙe ƙashin. Ina! Ƙashi rayayye ne, jini na gudana cikinsa. A ɓargo da tantanin da ya lulluɓe ƙashi akwai ƙwayoyin halitta na asali, wato waɗanda ba su riga sun zama wani takamaiman nau'i ba. In an karye, su ke rikiɗa su zama guringuntsi, sannan sabon ƙashi. Karan ɗori motsi yake hanawa, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

In giɓin da ke tsakanin ƙashin da ya karye ya yi faɗi, ƙwayoyin ba sa iya cike shi. Nan ne masana ke dasa wani abu mai huji-huji kamar soso, haɗin kolajin (wani furotin da ke cikin ƙashi da fata) da sinadarin kalsiyam, ƙwayoyin su maƙale su hayayyafa, jijiyoyin jini su ratsa, shi kuma ya narke a hankali.