Zubin Taurari da Tsarin Tafiyar Jarumi a Labaran Al'ajabi da na Kimiyya

Zubin taurari shi ne nau'o'in mutane da halittu da ke maimaita kansu a labaran al'ummu daban-daban ko da sunayensu sun bambanta: jarumi, tsoho mai ba da laƙani, mayaudari, da mugun da ya tsare hanya. Marubuta labaran al'ajabi, masu aljanu da tsafi, da na kimiyya, masu jiragen sama jannati da baƙin halittu, suna gina labaransu a kan waɗannan zubi.

Carl Jung, masanin halayyar ɗan Adam, ya ce waɗannan siffofi gado ne da ke cikin zuciyar kowane mutum. A 1928 Vladimir Propp ya nazarci tatsuniyoyin Rasha kusan 100, ya fitar da ayyuka 31 da rawa 7 da taurari ke takawa. Joseph Campbell na Amurka kuma, a 1949, ya tsara tafiyar jarumi cikin matakai 17 da suka kasu gida uku: fita, jarrabawa, dawowa. George Lucas ya amfana da wannan tsari wajen shirya fim ɗin Star Wars na 1977.

A ƙauyukan Kano da Jigawa yaro yakan san waɗannan zubi tun kafin ya iya karatu, daga bakin kaka a tsakar gida bayan sallar isha. Da an ce “Ga ta nan, ga ta nanku” ya san Gizo zai yi wayo, Ƙoƙi za ta yi haƙuri, Kura za ta yi kwaɗayi ta sha wuya, Dodo kuma yana bakin rafi. Labarin Bayajidda ya hau tsarin Campbell sosai: baƙo ya zo Daura, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya. Haka Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, na 1934, inda Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan magani ya dawo da shi. A ɓangaren kimiyya, littafin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969, ya ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya tare da baƙon halitta a matsayin jagora.

Sai dai ba kowane labari ne ya hau tsarin ba, kuma manazarta sun soki Campbell da fifita jarumi namiji guda da kuma danne bambancin al'adu. Tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa tafiya biyu ce a kan hanya ɗaya. 'Yar bora ta gaishe da duk abin mamakin da ta tarar cikin ladabi, ta zaɓi ƙaramin ƙwai, ta dawo da dukiya. 'Yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya, ta ɗauki babba, ta kwaso masifa. Nan ba ƙarfi ake gwadawa ba, tarbiyya ce, kuma tafiyar farko ba ta cika sai da ta biyu. Gizo ma ya saɓa wa tsarin, don ba ya dawowa da wani darasi. Gobe zai sake yaudarar Kura.

Littattafan yaƙi na Hausa da ake bazawa a kasuwanni sun fi karkata ga sadauki, boka da takobin tsafi, zubin da ya fi kusa da hikayoyin Larabawa fiye da tatsuniya.