Waiwaye: Yadda kifin kap ya kutsa tafkunan bakin teku

Abin da ke ci min rai game da kifin kap (carp), wani babban kifin ruwan daɗi, shi ne ba shi ya kai kansa ko'ina ba, mutane ne suka ɗauke shi da hannunsu. Asalinsa yankin kogin Danub na Turai ne zuwa tekun Kasfiyan, tun zamanin Rumawa ake kiwonsa. An kai shi Afirka ta Kudu a 1859, a Amurka kuwa gwamnati ce da kanta ta shigo da shi daga Jamus a 1877 tana raba wa jama'a don a samu abinci mai araha. Niyya kam mai kyau ce.

To matsalar a yanayin cin abincinsa take. Kai yake kafawa a ƙasan ruwa ya zuƙi laka cike da baki, ya tace tsutsa da ƙwari, ya feso sauran, haka zai wuni yana yi, ka ga in sun kai dubbai ruwan da da kana hango ƙasansa sai ya koma kamar kunu, hasken rana ya daina isa ƙasa, ciyayin ruwa su mutu, ƙananan kifaye su rasa maɓoya, agwagi da sauran tsuntsayen da ke kiwo a wajen su watse. Ga shi da haihuwa, babbar mace ɗaya tana iya zuba ƙwai miliyan guda.

Tafkin bakin teku kuma ba shi da zurfi, ƙasansa duk laka, kuma kap na jure ɗan gishiri-gishiri, sai ya biyo kogi ya sauko, musamman lokacin ambaliya. Dubi Ostireliya. Daga wata gonar kifi a Boolarra cikin jihar Biktoriya irin da ya fi ɓarna ya bazu a shekarun 1960, ambaliyar 1974 da 1975 ta ƙarasa watsa shi a kogunan Murray da Darling. Tafkunan Gippsland da ke bakin teku a jihar ta Biktoriya an sa su a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta ƙasa da ƙasa mai kare tafkuna da fadamu a 1982, amma kifin ya riga ya shige. A tafkin Groenvlei na Afirka ta Kudu ma, cikin gandun Goukamma da ake karewa, wasu ne suka zuba shi ba bisa ƙa'ida ba a shekarun 1990.

Nan ne nake ganin an yi sakaci gaskiya, ana shata iyakar gandu a taswira a hana farauta da gini, amma a manta da kogin da ke shayar da tafkin, alhali ta nan ɓarnar ke shigowa.

Fitar da shi fa aiki ne ja. A Sifen sai da aka zuba gubar rotinon a tafkin Zóñar a 2006 kafin aka rabu da shi, wannan kuwa rufaffen tafki ne na cikin ƙasa, wanda ke haɗe da kogi da teku ba a masa haka. Ostireliya ta ware dala miliyan 15 na kuɗinta a 2016 don nazarin sakin wani bairos, wato ƙwayar cuta, mai kashe kap, har aka miƙa rahoto a 2022 ba a saki bairos ɗin ba, ana fargabar yadda za a yi da tulin matattun kifi in sun ruɓe a ruwa.