Larurar Ɗabi'ar Son Jan Hankali (Histiriyonik)

Larurar histiriyonik ɗaya ce daga cikin larurorin ɗabi'a da likitocin ƙwaƙwalwa ke dubawa, mai ita kullum so yake ido na kansa, in hankalin jama'a ya koma kan wani sai duk ya ji babu daɗi kamar an tsame shi daga wurin. Mutane kan ce ai iyayi ne kawai ko neman suna, amma gaskiya abin ya wuce nan, don mai shi wahala yake sha, aure na mutuwa, abokai na gajiya su watse, shi kuma bai gane dalili ba.

Sunan daga kalmar Latin ne, histrio, wato ɗan wasan kwaikwayo. Da can ana kiranta da sunan histiriya, daga kalmar Girkanci mai nufin mahaifa, saboda likitocin zamanin da sun ɗauka wai mahaifar mace ce ke jawo ta. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta canza sunan a littafinta DSM-III. Amma tabon bai goge ba, har yau mata aka fi laƙaba wa ita a asibiti, alhali wasu binciken sun nuna maza ma ba a bar su a baya ba.

Bugu na biyar na littafin, DSM-5 na 2013, ya kawo alamomi 8, sai mutum ya haɗa 5 ko fiye, kuma tun farkon girmansa yake haka a ko'ina, gida, wurin aiki, cikin abokai. Ka ga mutum yanzu yana kuka wiwi kan ƙaramin abu, minti biyar kuma yana ƙyalƙyala dariya. Ya haɗu da wani a mota yau, gobe yana cewa amininsa ne na ƙut da ƙut. In ya ce wane mutumin kirki ne ƙwarai ka tambaye shi me ya yi, babu bayani, sai dai kirari. Akwai kwalliya da shiga don a kalla, rangwaɗa ko kwarkwasa inda bai dace ba, da saurin ɗaukar ra'ayin duk wanda ya yi magana ƙarshe. Littafin ya kiyasta kusan kashi 2 cikin 100 na mutane. Dole likita ya duba al'adar wurin kuma, mai fara'a da son ado a biki ba mara lafiya ba ne, sai in abin na rusa masa rayuwa.

Ana ganin gado da yanayin tarbiyya duk suna da hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a littafinta na jerin cututtuka, ICD-11, da ya fara aiki a 2022 ta daina ware ta da sunanta, tsananin larurar take aunawa.

Babu ƙwayar da ke warkar da ita kanta. Maganin shi ne zama da ƙwararre ana tattaunawa, sau da yawa na dogon lokaci, a taimaka wa mai larurar ya gano me yake ji a zahiri kafin ya fashe, ya koyi tsayawa ya yi tunani, ya iya zama da mutane ko ba shi ake kallo ba. Ana ba da ƙwaya in akwai ciwon damuwa ko fargaba tare, kuma yawanci ma su ne ke kai shi asibiti. In ya yi barazanar kashe kansa don Allah kar 'yan uwa su ce wasan da ya saba ne, a kai shi wurin likita a ranar.