Waiwaye: Rungholt, kufan da ke kwance a ƙarƙashin teku

A arewacin Jamus, a gaɓar Tekun Arewa ta jihar Schleswig-Holstein, sau biyu a yini ruwa yake janyewa ya bar fili na laka iya ganin ido. Tsakanin tsibiran Nordstrand da Pellworm akwai wani ɗan tsibiri mai suna Südfall, wanda ake zuwa da keken doki idan ruwa ya janye. Lakar da ke kewaye da shi kufai ce. A da can gari ne mai coci da rijiyoyi da gonaki da tashar jiragen ruwa, sunansa Rungholt. Kufanmu na gida akan gane shi da tsohuwar kuka ko rijiyar da ta rufta, mutum ya tsaya ya ce nan ne gidan kakana. Wannan kuwa teku ne ya hau kansa, shekara fiye da 660 ke nan.

A tsakiyar watan Janairun 1362 wata guguwa ta taso daga yamma ta koro teku kan gaɓa, daga Ingila har Holan da Denmark. Mutanen yankin sun sa mata suna Grote Mandrenke, wato babbar nutsewar mutane. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne aƙalla mutum 25,000 suka halaka. Ruwa ya fasa ganuwar ƙasa da ke kare Rungholt, ya shiga, bai kuma fita ba. Garin Husum, wanda a da yake can cikin tudu, sai ga shi ya samu hanyar ruwa zuwa teku, ya gaji kasuwancin da Rungholt ya bari.

Abin da bakin mutane ya riƙe daban ne. An ce arziki ne ya sa mutanen garin girman kai. Wata rana wasu manoma suna shan giya, suka ɗura wa aladiya har ta bugu, suka kwantar da ita a gado suka lulluɓe ta, sannan suka aika a kira limamin coci wai ga mara lafiya yana gargarar mutuwa, a zo a yi masa addu'ar ƙarshe. Da malamin ya yaye mayafi ya ga abin da aka shirya masa, ya juya zai tafi, suka tare shi suka zuba giya a cikin akwatin da yake ɗauke da gurasa mai tsarki. Ya kuɓuta da kyar, ya shiga coci ya kai ƙara wurin Allah. Cikin dare aka yi masa ishara a mafarki ya tashi ya bar garin, yana fita ruwa ya shigo. Wani limamin coci mai suna Anton Heimreich, wanda ya yi aiki a ɗan tsibirin Nordstrandischmoor, ya rubuta wannan labari a tarihin yankin da ya wallafa a 1666, wato bayan shekara 300 da aukuwar abin. Daga baya aka ƙara da cewa idan iska ta kwanta akan ji ƙararrawar cocin tana kaɗawa daga ƙarƙashin ruwa, kuma duk bayan shekara bakwai garin yakan taso a dare guda a gan shi cif kamar yadda yake. A shekarun 1880 wani mawaƙi ya zo ya ƙara gishiri, ya mai da Rungholt birni mai gogayya da tsohuwar Rum. Da haka sunan ya bazu a Jamus, har mutane da yawa suka ɗauka tatsuniya ce tsantsa.

Ni dai wannan labari yana taɓa ni, amma ina ganin ya zalunci mamatan. Ya ɗora laifin halakar dubban mutane, har da jarirai da tsofaffi, a kan wasu 'yan mashaya kaɗan. Kuma kusan irinsa ake bayarwa a kan wasu garuruwan da teku ya ci a waɗannan gaɓoɓi, abin da ke nuna riga ce ɗinkakkiya da ake sa wa kowane kufai.

Takardu sun tabbatar garin ya wanzu. Sunansa ya fito a wata wasiyya da aka rubuta a Hamburg a 1345, kuma a 1361, 'yan watanni kafin masifar, gundumar Edomsharde da Rungholt ke ciki ta ba fataken Hamburg izinin ciniki. Amma wanda ya fara binciken kufan garin a tsanake manomi ne, ba shehin malami ba. Andreas Busch, mutumin Nordstrand, a 1921 ya tarar da ragowar ƙofofin ruwa na katako da igiyar ruwa ta tone kusa da Südfall. Ya shafe shekaru yana komawa, yana tsere da dawowar teku, yana aunawa yana zanawa. Ya ga bakunan rijiyoyi da dama, ya ga tuddan da aka tara da hannu aka gina gidaje a kai, har kunyoyin garma ya gani a kwance cikin laka kamar jiya aka yi huɗa. Daga yawan rijiyoyi da tuddan aka ƙiyasta mutanen wurin ba su wuce dubu biyu ko uku ba. Tukwanen da aka tsinta sun zo daga yankin kogin Rhein da Flanders, wasu har daga Sifen. Ashe karkara ce mai wadata, ta makiyaya da manoma da 'yan gishiri.

Gishirin nan shi ne arzikinsu, kuma a nan ya kamata a tsaya. A ƙarƙashin ƙasar yankin akwai wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun ciyayi, wadda ruwan teku ya jiƙa ta sha gishiri. Sai a haƙo ta, a shanya, a ƙona, a kwaɓa tokar da ruwan teku, a tace kamar yadda ake tace toka a gida, sannan a dafa ruwan a manyan kasake har ya ƙafe. A zamanin da ba a da wata hanyar ajiye kifi da nama sai gishiri, wannan sana'a kuɗi ce. Amma kowane kwando da aka haƙo, daga ƙarƙashin ƙafarsu aka ɗebe shi. Ga kuma magudanan da suka tona don busar da fadama su noma ta: irin wannan ƙasa idan ta rasa ruwa sai ta motse ta zauna. Sannu a hankali gonakin da ke bayan ganuwa suka koma ƙasa da bakin teku, kamar ƙwarya a cikin rafi. Sannan annobar da ta ratsa Turai wajen 1350 ta kwashe mutane, masu gyaran ganuwa suka ƙaranta. Shi ya sa da ruwa ya shiga bai sami hanyar komawa ba. Ba sakarkaru ba ne, abinci suke nema, kuma ƙasar da ke zama ɗan kaɗan kowace shekara ba abin da ido ke gani ba ne.

Ragowar ƙasar, wato babban tsibirin Strand, ta ƙara shekara 272. A daren 11 ga Oktoban 1634 wata ambaliyar ta tsaga shi, fiye da mutum 6,000 suka mutu a kansa, ya rabu ya zama Nordstrand da Pellworm da Nordstrandischmoor na yau.

Abu guda da tatsuniya ta dage a kai, Busch kuma bai same shi ba, shi ne cocin. Sai a watan Mayun 2023 masu bincike daga jami'o'in Kiel da Mainz da hukumar kula da kayan tarihi ta jihar, suna tura na'urorin maganaɗisu a kan laka a 'yan sa'o'in da teku ke ba su, suka gano jerin tuddai mai tsawon kimanin kilomita 2. A kan ɗaya daga ciki akwai harsashin gini mai tsawon mita 40 da faɗin mita 15, girman da ya dace da babban cocin gunduma. Wurin yana cikin gandun da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 2009, amma wannan bai hana igiyar ruwa aikinta ba. Yawancin abin da Busch ya zana a taswirarsa ruwa ya riga ya share, shi ya sa masu binciken ke gaggawa. Abin da aka iya tsamowa, tukwane da takubba da ƙasusuwan mutanen garin, yana gidan tarihi na Husum, garin da ya ci gadon Rungholt.