Gam a madadin ɗinki wajen tiyatar ido: me ya kamata mutum ya sani?

Wai da gaske likita na iya manna ido da gam?

Da gaske ne, amma ba irin gam ɗin da mutum ke tunani ba in an ce gam. Akwai nau'i biyu da aka fi aiki da su. Na farko ana ce masa gam ɗin fibirin, daga jinin ɗan adam ake haɗa shi, sinadarai biyu ne, fibirinojin da turombin, waɗanda dama su ne ke sa jini ya daskare in ka ji ciwo. Likita ya ɗiga wannan ya ɗiga wancan, da zarar sun haɗu sai su dunƙule su riƙe naman, bayan kamar sati ɗaya zuwa biyu jiki ya narkar da shi da kansa, lokacin naman ya riga ya kama. Tisseel na cikin sanannun irinsa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da shi a 1998. Na biyu kuma shi ne sayanoakirilet, wato dangin Super Glue, sai dai wanda aka tace don asibiti. Tun 1968 aka fara ba da rahoton toshe hudar ido da shi.

A wane aiki aka fi amfani da shi?

Wajen cire naman nan da ke tsirowa daga gefen farin ido yana rarrafowa kan baƙin ido, wanda likitoci ke kira terijiyam, wanda rana da iska da ƙura ke ƙara janyo shi. In aka kankare naman kawai aka bar wurin haka, yawanci sai ya sake dawowa, wani lokacin ma ya fi na da muni. Shi ya sa ake yanko ɗan siririn fatar farin ido daga ƙarƙashin fatar ido ta sama a shimfiɗa a wurin. To da can ɗinke wannan ɗan faci ake yi da zare mai siririn gaske, kuma duk wanda aka taɓa yi wa zai gaya maka kwanakin farko kamar an zuba masa yashi a ido, ga hawaye ga ja, duk ƙiftawa sai ya ji ƙullin zaren. Da gam ɗin fibirin kuwa ba ƙulli, aikin ya fi sauri, zafin bayan aiki ya fi sauƙi, kuma nazarin ƙungiyar Cochrane mai tace binciken likitanci na 2016 da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi ya nuna alamar naman bai cika dawowa ba in da gam aka yi. A nan kam ni ina ganin gam ya yi rawar gani sosai.

Ana kuma manna siririyar fatar da ke lulluɓe jariri a mahaifa da shi a saman idon da ya ƙone ko ya yi gyambo, wasu likitocin ma da shi suke rufe fatar farin ido bayan aikin gyaran harara-garke.

Shi na biyun fa, mai kama da Super Glue?

Wannan na gaggawa ne. In gyambo ya ci gilashin ido, wato fatar nan garai-garai da ke gaban baƙin ido, har ya huda, ruwan cikin ido na zurarewa, ido na neman lotsewa, likita zai busar da wurin ya ɗora ɗigo kaɗan a kan hudar, in dai ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba, sannan ya rufe da ɗan gilashin roba mai laushi saboda in gam ɗin ya bushe kaushi gare shi, zai riƙa kartar fatar ido. Yana iya zama makonni kafin ya faɗo ko a cire shi. Wani idon ya warke a ƙarƙashinsa, wani kuma lokaci kawai aka saya kafin a samu yin dashe. Ba a barinsa ya shiga cikin ido don yana sa kumburi.

Kuma don Allah kada wani ya karanta wannan ya ce zai gwada na kasuwa a ido, wallahi illar ba ƙarama ba ce. In ma bisa kuskure ya shiga, don kwalbarsa na kama da ta maganin ɗigawa, kar a ɓamɓare fatar idon da ƙarfi, a wanke da ruwa a tafi asibiti.

To kenan an daina ɗinki?

Ina! Gam ɗin fibirin ba shi da ƙarfin riƙe wurin da ake ja ko wurin da matsin cikin ido ke turowa. Dashen gilashin ido gaba ɗaya har yau ɗinki ake yi, zaren ma kan yi shekara ko fiye a ciki. Idon da ya tsage a hatsari shi ma sai ɗinki. Aikin yanar ido na zamani kuma yankan ƙarami ne ƙwarai, yawanci da kansa yake rufewa ba gam ba zare, sai in yana yoyo, an taɓa amincewa da wani gam mai suna ReSure a Amurka a 2014 don wannan.

Ba shi da matsala ko kaɗan?

Yana da. Facin da aka manna zai iya zamewa ko ya ɓalle a kwanakin farko, musamman in mutum ya murza ido, kuma murza ido bayan wannan aikin shi ne babban abin da ake hanawa. Tunda daga jinin mutane aka samo shi, ana tantancewa ana kashe ƙwayoyin cuta, amma kamfanonin da kansu ba sa cewa haɗarin ya zama sifili. Wasu ƙalilan jikinsu na ƙin sinadarin afurotinin da ke cikin wasu nau'in. Ga tsada, ga buƙatar ajiya a sanyi. Saboda haka ne wasu likitocin ke barin ɗan jinin mara lafiyar da ya fito a wurin ya daskare ya riƙe facin, ba gam ba ɗinki, sai dai wannan ya fi saurin zamewa.

Me zan tambayi likita kafin aiki?

Ka tambaye shi da me zai rufe wurin kuma me ya sa ya zaɓi hakan a naka idon, wanne ya fi sabawa da shi, don likitan da hannunsa ya faɗa da ɗinki ya fi wanda yau ya fara taɓa gam. Ka gaya masa in an taɓa sa maka irin gam ɗin a wata tiyata, ko kana da uzurin ƙin abin da aka yi da jini. In ka koma gida ka ga wani farin abu ya naɗe a gefen ido, ko zafi na ƙaruwa, ko gani na raguwa, ka koma a ranar, kar ka jira ranar da aka rubuta maka.